Kirik ya ƙi tashi: abin da za ka duba kafin ka ce ya mutu

Kirik mai taya nike magana, wanga dogon da ake turawa ƙarƙashin mota ana danna sanda shina ɗagawa, wanda wasu ke ce ma jak. Ka zagaya garajojin Maradi tun daga na bakin hanyar Ɗan Isa har na cikin Zariya da Sabon Gari, da wuya ka shiga garaji ba ka iske guda an jingine shi a lungu ƙura ta ruhe shi ba, in ka tambaya a ce maka ai ya mutu. Ni kuma abin na damuna, don mafi yawansu ba su mutu ba, ko mai ne ya yi ƙasa, ko iska ta shiga, ko ƙwayar rairayi guda ta zauna inda bai kamata ba. Waɗanda sunka mutu da gaske ma in ka bi labarinsu za ka iske hannu ne ya kashe su wajen gyara, an zuba musu man da ba nasu ba ko an murɗa abin da ba a murɗawa. Shi ya sa nike son mu bi abin a hankali, don kirik kafin shi tsaya sai ya nuna maka inda ke mishi ciwo, kuma a sandar dannawa ake jin shi.

Sai ka san abin da ke ciki tukuna. Ba wani abu mai yawa ba ne, akwai tankin mai, akwai ƙaramin pisto wanda sandar ke dannawa, shi ne pompo, akwai babban pisto cikin silinda wanda ke tura hannun kirik sama, sai 'yan ƙwallayen ƙarfe ƙanana da ke tsaron hanyoyin mai, sai bawul ɗin saukewa, sai robobi. In ka ɗaga sanda ƙaramin pisto na jawo mai daga tanki, ƙwallo na farko shi buɗe mai shi wuce. In ka danna, wannan ƙwallon shi koma shi toshe don kada mai shi koma tanki, na biyu shi buɗe mai shi shige silinda, da ka saki na biyun shi ma shi ruhe. Haka ake ta yi har mota ta bar ƙasa. Dabarar tsohuwa ce ƙwarai, Blaise Pascal mutumin Faransa da ya rasu a 1662 shi ya bayyana cewa in ka matsa ruwa a cikin abu ruhaffe matsin na isa ko'ina daidai wa daida, Joseph Bramah a Ingila ya yi injin matsa kaya da ita a 1795, sannan Richard Dudgeon a Amurka ya hiddo kirik na mai da ake ɗauka a hannu a 1851. Ba lantarki ba kwamfuta, duk abin da ke ciki ido na ganinshi hannu na taɓa shi, don haka shina gyaruwa.

Ga inda ƙarhin ke hitowa. A ce faɗin ƙaramin pisto santimita 1 ne na babban kuma santimita 3, to huskar babban ta ninka ta ƙaramin sau 9, duk ƙarhin da ya sauka bisa ƙaramin za shi hito a babban ninki 9, ga kuma tsawon sanda da ya riga ya ninka ƙarhin hannunka tun kahin a je nan. Amma ba a banza ake samun wanga ba, kowace dannawa ɗan mai kaɗan take turawa, shi ya sa sai ka yi ta dannawa. Ka riƙe wagga magana don kusan duk matsalar a nan take, tunda man da ke wucewa a dannawa guda kaɗan ne, to yoyo kaɗan ya isa shi cinye shi duka. Kuma matsin da ke ciki ɗaruruwan bar ne, alhali tayar ƙaramar mota bar 2 da 'yan kai ake sa mata. A irin wanga matsi ɗan tsagin da ido bai gani babbar hanya ce ga mai.

To yanzu kirik ya ƙi tashi. Kada ka ɗauko kile tukuna. Abu na farko bawul ɗin saukewa, ka murɗa sanda ta dama har ta tsaya ka ji ta kama. Mutane na raina wanga duban amma sau da yawa a nan maganar ke ƙarewa, musamman kirik ɗin da sanda ke juya bawul ta wasu 'yan haƙoran ƙarfe biyu ko wata 'yar gaɓa a gindinta, haƙoran kan zame ko su cinye, kai kana murɗawa a sama kana ganin ka ruhe alhali a ƙasa bawul bai motsa ba. Ka duƙa ka sa yaro shi murɗa kai kana kallon gindin, in sanda na juyawa bawul na tsaye to ga ciwon nan. Kuma kada a ɗaure shi da ƙarhin tsiya, ɗaurin hannu ya isa, masu ƙara mishi ƙarfe suna ja su ke ɓata mazaunin bawul ɗin, wato bakin ramin da shike zama shi toshe, da kansu.

Na biyu nauyi. Kowane kirik da abin da anka rubuta a jikinshi, tan 2, tan 3, wasu ƙananan tan 1 da rabi. A cikinshi akwai wani bawul na tsaro da masu ƙerawa sunka saita, in nauyi ya wuce ƙima sai shi buɗe mai shi koma tanki, kai kuwa kana ta dannawa ba abin da ke tashi. Wanga ba lalacewa ba ce, aikinshi kenan. Mu nan da motocinmu ba su tahiya wayam, Hilux ita kaɗai wajen tan 2 take, a ɗora mata buhun hatsi 10 masu kilo 100 an ƙara tan guda kenan kuma kusan duka a baya ya zauna, sai taya ta yi faci a hanyar Dakoro a turo ƙaramin kirik ƙarƙashin baya a ce ya ƙi. Gwajin mai sauƙi ne, ka jawo shi waje ka danna shi ba kaya, ko ka gwada shi a ƙaramar mota. In ya ɗaga lahiya lau to kirik bai da laihi, a sauke kaya ko a nemo babba.

In waɗannan biyun ba su ba ne sai mai. Ka aje kirik a wuri shimfiɗaɗɗe, ka sauke hannun ƙasa gaba ɗaya, wanga dole ne don in hannun na sama man na cikin silinda za ka ga tanki kamar ba komi ka cika shi hiye da ƙima. Ka goge wajen bushon, wato murhin ramin zuba mai, tas kahin ka buɗe, bushon ɗin roba ne ko na bis a bisa jikin tanki, wani lokaci sai an ɗebe wani faranti ake ganinshi. Ka leƙa da tocila. A yawancinsu man kan tsaya ƙasa da bakin ramin kaɗan, ya dai ruhe silindar da kake hangowa a ciki, in kana da takardar kirik ɗin ka bi abin da ta ce. Alamar ƙarancin mai ba ta ɓoyuwa, kirik shi tashi lahiya har rabi ko hiye sannan shi tsaya cik sanda ta koma wayam, don pompo ya shanye abin da ke tanki ya koma jan iska. Cikawa har baki shi ma ɓarna ce, tanki na son ɗan wurin iska a sama, in babu sai ka ga kirik na ƙin sauka duka ko shina amayar da mai ta bushon.

A nan nike son in daɗe, maganar wane mai. Man kirik man idirolik ne mara kauri, wanda anka rubuta ma ISO 32 shi ne anka fi sa wa, in ka iske wanda anka rubuta man kirik ne kai tsaye to madalla. Man birki kuwa, DOT 3 ko DOT 4, kada shi kusanci kirik ko da ɗigo. Na san abin da ke ja mutane, shina nan kusa a kowane garaji, ruwa-ruwa ne, kuma an ga birki ma da matsi shike aiki sai a ce ai duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne ko kaɗan. Robobin birki daban anka yi su don man birki, robobin kirik an yi su don man da ya hito daga fetur, in ka haɗa su da man birki sai su lalace. Abin da ke ruɗin mutane shi ne ranar da anka zuba kirik na tashi, kowa shi ce an gyara, sai bayan kwanaki a ga mai na tsiyaya ta ko'ina. Na taɓa riƙe robar babban pisto da anka hiddo daga irin wanga kirik, ta kumbura ta fi raminta, ta yi laushi, in ka matsa ta da farce sai shatin shi zauna bai komawa, gehenta kuma na ɓarewa a yatsa. Daga nan ba wata dabara sai an wanke ciki duka an canza kowace roba. Ga shi kuma man birki na shan danshi, shi kawo tsatsa a ciki. Man inji irin 20W50 da muke sa ma motoci shi kuma ya yi kauri da yawa, ƙwallaye ba su komawa mazauninsu da sauri, da sanyin Disamba da Janairu sai ka ga kirik na tashi da ƙyar shina sauka da ƙyar. Baƙin man bidanj kam ba a ma maganarshi, garin ƙarfe da datti ne kake ɗura ma bawul da hannunka. In man da ka iske a ciki ya yi fari-fari ruwa ne ya shiga, galibi kirik ɗin da ke kwana waje da damina, in ya yi baƙi da laka a ƙasa ya gama aiki, duk biyun juye shi za ka yi ka zuba sabo, ƙari bai wadatarwa.

Sai iska, wadda ita ce ta fi kama kirik sabo ko wanda anka yi tahiya da shi a kwance ta gehe cikin but, ko anka jingine shi tsaye a bango. Ka ɗauki sirinji ka toshe bakinshi da yatsa, in iska ce a ciki za ka danna shi shiga ka saki shi dawo, in ruwa ne ko motsi bai yi. Abin da ke faruwa a kirik kenan, ƙarhinka na tahiya wajen matse iska maimakon tura pisto. Za ka ji sanda ta yi taushi, hannun na ɗan tashi shina rawa, ko sai ka danna sau da yawa kahin shi motsa. Hidda ta ba ta cin ko dala, ka buɗe bawul ɗin saukewa ta hagu, kirik ba kaya hannun na ƙasa, ka danna sanda da sauri tun daga sama har ƙasa kamar sau 10 zuwa 15, sannan ka ɗan ɗaga bushon za ka ji iska ta yi huci, ka maida shi, ka ruhe bawul ka gwada. In bai yi ba ka sake, wani sai an yi mishi sau biyu ko ukku. Bayan nan ka sake leƙa mai don in iska ta hita shina ƙara yin ƙasa. Wagga dannawa da bawul a buɗe tana da wani amfani na biyu, man da ke zagayawa da sauri kan wanke ɗan dattin da ya maƙale ƙarƙashin ƙwallo, kirik da yawa a nan suke farfaɗowa ba a kwance komi ba.

In duk an yi wanga bai tashi ba to an shigo ciki, kuma a nan ne ake sauraren sanda. In kana dannawa ba ka jin nauyi sam, hannun bai motsi, mai kuma ya cika an hidda iska, to ƙwallon farko ne bai zama, man da pompo ya jawo shina komawa tanki ta inda ya hito, ko kuma ya manne da tsatsa bai buɗewa, ko robar ƙaramin pisto ta cinye, ita wagga za ka ga mai na hitowa a gindin sanda. In ka danna hannun ya tashi, ka ɗaga sanda hannun ya biyo ta ƙasa, ko ka saki sanda ta riƙa tashi da kanta in akwai kaya, to ƙwallo na biyu ne, man silinda na dawowa cikin pompo. Wanga ka yi hankali da shi don sanda na iya tasowa da ƙarhi ta sami mutum a haɓa. In kuma ya ɗaga mota lahiya amma ka tsaya kana kallo tana sauka sannu sannu sanda ba ta motsi, to ko mazaunin bawul ɗin saukewa ko robar babban pisto. Mutane kan ce ai ba mu ga mai a ƙasa ba, e ba za ku gani ba, yoyon na ciki ne, man na zagaye roba shina komawa tanki. Zahinmu na Afrilu da Mayu da ke wuce 40 shina busar da roba ta yi tauri ta tsage, ƙurar hunturu kuma na manne ma pisto mai maiƙo, duk shiga da hita tana cin roba.

Wanda za shi buɗe wajen ƙwallayen, don Allah ba a bisa rairayi ba. Ka shimfiɗa farin ƙyalle cikin tire, ka sauke kirik ka buɗe bawul don matsi shi hita, ka ɗauki hoto da waya a kowane mataki, don ƙwallayen ba girmansu ɗaya ba kuma akwai 'yan sifirin a tsakani, in ka juya jerin kirik ba shi ƙara tashi. Mayen ƙarfe ƙarami na taimakawa wajen jawo su daga rami. Ka wanke da gazuwal mai tsabta ko kananzir, ka hura, ka haska mazaunin. Mazauni mai lahiya za ka ga wani siririn zobe mai sheƙi ya zagaye bakin ramin bai yanke ba, inda zoben ya yanke ko ka ga ɗan baƙin ɗigo to ta nan man ke gudu. In ƙwallon ya yi tsatsa ko ƙuraje a canza shi da mai girmanshi daidai. In mazaunin ne ya ɗan ci, tsohin makanikai kan saka ƙwallo a ramin su ɗora ɗan guntun ƙarfe a kai su buga da hamma sau guda a hankali don shi sake hidda zoben, sannan su sa sabon ƙwallo. Bugu guda mara ƙarhi, wanda ya zage ya buga ya faɗaɗa ramin shi kenan.

Amma akwai bis guda da ba a taɓawa, na bawul ɗin tsaro da na faɗa ɗazu. Galibi shina ƙarƙashin wani murhin roba ko na ƙarfe, wasu kamfanoni har rubutu suke yi cewa kada a murɗa. Shina kama da bushon shi ya sa yara ke buɗe shi da niyyar zuba mai. Na ji wani aparanti na ce ma maigidanshi, "Maigida in na ƙara ɗaure wanga ai za shi ɗauki kamiyo ma", maigidan ya amshe turnabis daga hannunshi ya ce "za shi ɗauka, kai kuma kana ƙarƙashi ranar da za shi fashe". Gaskiya ya faɗa mishi. In ka sassauta shi kirik shi kasa ɗaukar abin da shike ɗauka da, in ka ɗaure shi ka cire tsaron kenan, matsi shi wuce abin da roba da ƙarfe ke iya jurewa, kuma ba a maida shi daidai da ka, sai da agogon awon matsi ko nauyin da anka sani. In an riga an kwance shi ba a ƙirga zagaye ba to a kai ma mai aikin idirolik. Haka kuma kada ka bi yoyo da yatsa lokacin da kirik ke ɗauke da kaya, siririn mai a wanga matsi shina iya huda fata shi shige nama, kuma ciwo ne na asibiti da gaggawa ko da ramin bai kai komi ba a ido.

Akwai wata matsalar da ba ta cikin kirik ba ce, ta ƙasarmu ce. Kirik mai taya in shina ɗagawa hannunshi ba miƙe shike tashi ba, lanƙwasa shike yi ta baya, don haka dole jikin kirik shi riƙa gangarawa gaba kaɗan kaɗan don kan shi tsaya daidai ƙarƙashin mota. A daɓen siminti wanga na faruwa da kanshi ba ka ma lura. A rairayin Maradi tayoyin na nutsewa, kirik bai gangarawa, sai shi riƙa jawo motar ko kan shi zame daga shasi, ko ka ga kana dannawa mota ba ta tashi don kirik ɗin ne ke shiga ƙasa. Katako mai kauri da faɗi ko farantin ƙarfe a ƙasa shi ne magani, wanda tayoyin huɗu za su hau su samu wurin motsi. A ja birkin hannu, a sa waigi a tayoyin da ke ƙasa. Kuma kirik na ɗagawa ne kawai, da mota ta tashi a sa mata shandel, ƙafahun ƙarfen nan masu tsayawa da kansu, kahin kowa shi sa ko hannu a ƙarƙashi. Bulon siminti bai zama madadinsu don shina farfashewa lokaci guda ba gargaɗi. Duk nauyin nan bisa roba guda da ƙwallo guda ya rataya.

Wani kirik kam a haƙura da shi. In ka hiddo babban pisto ka iske tsatsa ta yi mishi ramuka, ko cikin silinda ya yi zane mai zurhin da farce ke kamawa, duk sabuwar robar da ka sa za ta yanke cikin 'yan kwanaki. In hannun ya lanƙwashe ko jikin ya tsage ko an taɓa yi mishi walda a wurin da ke ɗaukar nauyi, ni ban yarda a maida shi aiki ba ko da pompon na lahiya. Robobi kuwa in za ka saya ka tahi da tsohin a hannu a gwada faɗi da kauri, ka ce masu jure mai kake so, kada a yanko maka daga tsohon tib.

In ka gama gyara kada ka kai shi aiki kai tsaye. Ka ɗaga gehen mota a daɓe taya ta bar ƙasa da kamar yatsa biyu, kowa shi ja baya, ka auna daga ƙasa zuwa shasi ka sa alama da alli, ka bar shi minti 10 ko 15 ka dawo ka sake aunawa. In ya sauka ko da kaɗan ne akwai sauran yoyo a ciki, sai a koma ma bawul ɗin saukewa da ƙwallo na biyu kahin a taɓa robar babban pisto.